Kunnen Hagu na Kyaftin

Yayana mai aski ne, kuma in ka tambaye shi abin da ya fi sani a jikin ɗan Adam, ba zai ce gashi ba, zai ce kunne. Gashi a wurinsa ba abin alfahari ba ne, kowa ya samu almakashi zai rage shi. A bayan kunne ake gane gwani, don nan ne aska take lanƙwasa, nan ne kuma mutum yake zabura ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Yaya yakan manta sunan mutum, amma kunnensa bai taɓa ɓace masa ba. Akwai wani da ya yi shekaru ba ya gari, ya dawo da tumbi da sanƙo har 'yan layinsu suna yi masa kallon baƙo. Yaya na ɗaura masa ƙyalle a wuya ya hango wata 'yar tsaga a fatar kunnensa, ya ce masa sannu da dawowa. To, kunnen wani mutum da ba a taɓa haifa ba ne ya kusa raba Yaya da askarsa, kuma labarin da nake son bayarwa ke nan.

Ni ce auta a gidanmu. Tela ce ni, shagona yana manne da nasa, katako ne kawai a tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Ina taka keke ina jin duk shirmen da maza suke yi in sun samu benci da inuwa.

Babanmu kafinta ne, kuma ya so Yaya ya gaje shi. Ya ba shi zarto, ya ja masa layi a jikin katako, Yaya ya yanka, zarton ya tafi yawonsa. Aka sake, aka kuma sakewa, katako yana ta ƙarewa. Ran da Baba ya haƙura shi ne ran da ya dawo gida ya tarar da yaran maƙwabta a jere, ɗaya a kan bokiti a kife, Yaya yana yi masa aski da almakashin mahaifiyarmu, kuma layin ƙeyar kowanne ya miƙe sambal. Baba ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Ashe hannun yana nan, katako ne ba ya so." Shi ya haɗa masa kujerar farko da benci da kantocin shago. Kujerar tana nan har yau, an sake mata fata ba adadi.

A bayan wannan kujera Yaya ya yi aure, ya yi wa 'ya'yansa makaranta, ya saya mini keken ɗinkina na farko. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, in aka fara maganar siyasa sai ya kunna injin aski ko da babu abin yankewa. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Ciwonsa ɗaya ne, wani fim na 'yan sama jannati.

Sunan fim ɗin na ainihi ba wanda ya iya faɗarsa a layinmu, sai aka sa masa Masu Dakon Ruwa. Wai ruwan duniya ne ya ƙafe, aka tura wani ƙaton jirgi can bayan taurari ya riƙa jawo ƙanƙara. Shugaban jirgin, Kyaftin, inji ya fashe kusa da shi ya tafi da kunnensa guda, aka dasa masa na ƙarfe, kuma da wannan kunnen yake jin hirar na'urori har ya gane wadda take shirin cin amana. Ni dai ban ga abin da zai ɗauke hankalin magidanci a nan ba. Amma fim ne kashi-kashi, na ɗaya ya fito daidai lokacin da Yaya ya buɗe shago, ya sayi tsohuwar talabijin mai ƙaton ciki da kaset guda ɗaya tak, kuma kaset ɗin nan ya yi ta juyawa daga safe zuwa yamma, shekara da shekaru, har ya tsinke don kansa. Yaya ya haddace shi har tarin Kyaftin. Ni ma da ban nema ba na san wurin da kiɗan yake tashi.

Na biyu bai jawo rigima ba, don Kyaftin ya kwashe fim ɗin yana barci a cikin akwatin ƙanƙara, da ya farka kuma hular ƙarfe ce a kansa har aka tashi. Na uku ne ya daɗe bai zo ba. Kafin ya fito tsohuwar talabijin ta mutu, an kafa siririya a saman madubi, furfura ta cika gemun Yaya. Ran da aka fara nuna shi, suka sa kayan fita shi da amininsa Direba, suka tafi gidan sinima.

Direba abokinsa ne tun suna yara. Doguwar mota yake ja tsakanin garuruwa, mutum ne mai ƙaton jiki da ƙatuwar murya, ko gaisuwa ya yi maka sai ka ɗauka musu ne. Ba wanda yake taɓa masa gemu sai Yaya. Sun fita suna dariya, suka dawo kowa fuska a murtuke.

"Sun ɓata shi," in ji Yaya tun daga bakin ƙofa. "Kunnen hagu ne ya tafi a na ɗaya. Yau na ga ƙarfe a dama."

"Dama can dama ne," in ji Direba.

"Ni za ka koya wa kunne?"

"Ba koya maka nake ba, gaya maka nake."

Daga nan aka buɗe kasuwa. Yaya ba zai iya yarda cewa masu fim ɗin sun yi sakaci ba, yana ganin girmansu da yawa, don haka bayan 'yan kwanaki ya fito da nasa bayanin. Ba kuskure ba ne, alama ce aka ajiye wa masu ido. Kyaftin na uku ba Kyaftin ba ne, na'urori ne suka ƙera kwafinsa suka manta gefen da kunnen yake, na gaskiya yana can cikin ƙanƙara yana jiran na huɗu. Ya ce a duba, wannan ba ya tari. Ya ce a duba yadda ya gaisa da matarsa kamar mai karɓar kuɗin haya. Direba ya ce mutum in ya yi barcin shekaru a cikin ƙanƙara ai dole tari ya warke, matar kuwa ko shi ne haka zai gaishe ta.

Shago ya rabu biyu, 'yan hagu da 'yan dama. Mai kemis na tsallaken titi ya zama na hannun daman Yaya, duk da cewa ɗan hagu ne. Mutanen da aka yi wa aski jiya sai ka gan su yau a benci suna shafa kai, wai sun zo a ɗan gyara. Wani ya kawo labarin cewa a intanet ma ana can ana kashe juna a kan fim ɗin, wasu a kan mai dafa abincin jirgi da ya mutu a na biyu aka kuma gan shi yana raba faranti a na uku, wasu a kan 'yar Kyaftin da ta girma fiye da lissafi. Amma ba wanda ya yi maganar kunne. Yaya ya ce ba mamaki, babu mai aski a cikinsu.

Kar ka tambaye ni me ya hana su nemo na ɗaya su duba. Na tambaya ta cikin katako, da ƙarfi ma, aka yi kamar iska ce ta kaɗa. Musun ya fi musu daɗi a kan amsar, kuma da an bar shi haka da ba abin da ya faru. Sai wata rana bakin Yaya ya yi tsawo, ya ce a gaban kowa Direba yana kallon fim ne yadda yake tuƙi, ido a gaba, duk abin da ya wuce ya wuce. Aka yi dariya. Direba bai yi ba. Da ya dawo daga tafiya ta gaba, fim ɗin na ɗaya yana cikin wayarsa.

Na fito karɓar almakashina da Yaya ya ara, don haka a bakin ƙofa nake lokacin da abin ya faru. Direba ya nemo wurin, ya miƙa wayar a gaban hancin Yaya, maza suka taru suna leƙe ta kafaɗar juna. Inji ya fashe, hayaƙi ya turnuƙe, Kyaftin ya faɗi ya dafe kunne, kuma na dama ya dafe. Yaya ya ce a mayar. Aka mayar, dama ne. Ya ce wannan an taɓa shi, ba na asali ba ne. Direba dama ya shirya wa wannan, ya buɗe hoton tsohon kwalin kaset ɗin, ga Kyaftin nan da ƙarfe yana walƙiya a dama.

'Yan hagu suka watse nan take. Mai kemis ya ce shi dama bin Yaya ya yi, bai taɓa kallon fim ɗin daga farko har ƙarshe ba. Aka yi shewa, Direba ya zagaya shagon yana karɓar hannu. Yaya ma ya yi dariya, har da cewa an ci shi. Amma ni na san fuskar ɗan'uwana. Na ga ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu a hankali, kamar mai duba ko yana nan.

Ya koma kan mutumin da yake kujera ya gama masa aski da inji. Mutumin ya ce a yi masa gyaran fuska. Yaya ya buɗe askar, ya dube ta, ya rufe, ya ce ba ta da kaifi yau. Tun da nake ban taɓa jin askar Yaya ta rasa kaifi ba.

Washegari ma ba ta da kaifi, haka jibi. Masu gemu suka fara tsallakawa wani shagon. Aka daina maganar fim, ya kashe talabijin, shagon ya yi tsit har nakan ji ƙarar almakashi. Wata rana da azahar, ba kowa a wurina, ya shigo ya ture yadudduka gefe ya zauna a kan teburin yanka, abin da ya san na tsana.

"Auta, kin tuna takalman Baba?"

Na tuna mana. Gigin tsufa ne ya cinye Babanmu, a hankali, kuma ba da mantuwa ya fara ba. Wata safiya ya fito da takalma a juye, na dama a ƙafar hagu. Na ce, Baba ka juya takalmi. Ya dubi ƙafafunsa ya ce daidai suke, haka yake sawa tun yana yaro. Babu wasa a fuskarsa, babu ko ɗigon shakka. Daga nan ya fara rantsuwa an matsar da ƙofar gida, an juya titi. A ƙarshe ya riƙe zarto a hannu yana tambayata na mene ne. Ni na yi jinyarsa, Yaya da Direba kuma su ne masu bin unguwanni suna nemo shi in ya sulale ya fita.

"Me ya kawo maganar takalma?" na ce, ko da yake na sani.

"Ba kuskuren ne ya dame ni ba, kowa yana kuskure. Na ga dama da idona a wayar nan. Amma har yanzu in na rufe ido hagu nake gani, kuma zan iya dafa littafi a kai. Haka Baba ya kalli ƙafafunsa."

"Yaya, a kan fim? A kan mutumin da ko wanzuwa bai yi ba?"

"A kan kunne, Auta. In kunne ya juye mini, me ya rage?" Ya dubi tafin hannunsa. "Wanda ba shi da tabbacin hagu da dama ba ya ɗora aska a maƙogwaron ɗan mutane. Zan nemi wanda zai karɓi shagon tun ina da hankalin miƙa shi. Kar ki gaya wa matata tukuna."

Na yi masa faɗa sosai. Na ce ya sauka mini daga kan tebur, ya daina kira wa kansa abin da ba shi da shi, mutum da jikoki yana neman ya rufe sana'a saboda Masu Dakon Ruwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce to, ya fita. Yana fita na zauna, ƙafata ta ƙi taka keke. Tsoro ne ya kama ni, tsoro irin wanda na sani, don na san hanyar nan tun daga farkonta har inda take ƙarewa, kuma ban ga ƙarfin da zan sake bin ta da shi ba.

Na ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya tambaye shi ranar da ake ciki, ya faɗa masa wasu kalmomi ya ce ya riƙe, ya ba shi takarda ya zana fuskar agogo. Yaya ya cinye duka, har ya ƙara da gaya wa likita cewa wanda ya yi masa aski ya cinye masa saje na gefe guda. Likita ya shafa sajen, ya ce bai ga abin damuwa ba, a dawo in an ga wani canji. Na fito ina murna. Muna kan hanya Yaya ya ce, "Baba ma da farko ya san ranar." Murnar ta tsaya nan.

Direba ba wanda ya gaya masa komai, amma ba wawa ba ne, kuma ya san Baba. Gemunsa ya yi buzu-buzu don ya ƙi kai shi wani wuri. Wata rana ya zo ya zauna a benci, ya yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa sanin yana iyawa ba.

"Na sake tunani," ya ce. "Ina ganin kai ne da gaskiya. Hagu ne. Waɗannan na waya duk an taɓa su."

Almakashin Yaya ya tsaya.

"Haka muke ce wa Baba," in ji shi. "E Baba, haka ne Baba, an matsar da ƙofar Baba. Har kun fara?"

Direba ya tashi ya fita ba sallama. Ya tsaya a ƙofata, ƙaton mutum, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce da ya sani da ya jefa wayar a kwata. Ni kuwa haushinsa nake ji har wuya, na ce masa ai ya ci musu, ya je ya ji daɗinsa. Ya juya ya tafi tashar mota.

Bayan wasu kwanaki sai ga shi da rana tsaka, gumi sharkaf, ko gida bai biya ba. Bai shiga wurin Yaya ba, wurina ya faɗo.

"Ƙanwata, tsohuwar talabijin ɗin nan mai ciki, a ina take zama?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ke dai faɗa mini."

Na yi ɗan tunani. "A kan kanta, can lungun baya, kusa da ƙofa. Baba ne ya kafa mata, don ta yi nauyin da ba za a ɗora ta wani wuri ba."

"Bayan kujera ke nan."

"Bayan kujera."

Ya dafa bango ya sauke numfashi. Sannan ya ba ni labari. A motarsa akwai talabijin ta fasinja, a sama bayan kan direba. Ya sa musu na ɗaya, ba don su ba, don yana son ya ji ko akwai wani wuri da aka ambaci hagu, ko da sau ɗaya, ya kawo wa abokinsa. Suna tsaye a cunkoso ya ji fashewar injin, ya ɗaga ido ya dubi madubin ciki, wanda yake duba fasinja da shi. Sai ga Kyaftin ya dafe kunnen hagu. Ya waiwaya, dama. Ya koma madubi, hagu. Ya ce har na baya suka yi ta danna masa oda bai ji ba.

Muka shiga tare. Mai kemis ne a kujera ana rage masa suma da inji. Direba bai yi wa kowa bayani ba, ya hau benci ya ciro talabijin daga saman madubi, ya soka mata filashin motarsa mai ɗauke da fim ɗin, ni kuma na jawo doguwar wayar wuta daga shagona. Ya je lungun baya, inda har yanzu ramukan ƙusoshin kantar suke a bango, ya rungume talabijin a ƙirji, gemu yana leƙowa ta samanta.

"Me kuke yi haka?" in ji Yaya.

"Tsaya inda kake tsayawa," in ji Direba. "Ɗora hannu a kansa kamar kana aiki."

"Yanzu kuma wasan yara za ku yi da ni?"

"Yaya," na ce, "don Allah yi abin da ya ce."

Ya yi tsaki, amma ya tsaya bayan kujera, ya dafa kan mai kemis. Kiɗan ya tashi. Ba wanda ya ce masa ya kalli ko'ina. Idonsa da kansa ya tafi kusurwar madubi ta sama, wurin da ya saba zuwa tun yana saurayi. Inji ya fashe, hayaƙi ya turnuƙe, Kyaftin ya faɗi ya dafe kunne.

Yaya bai motsa ba. Can ya juya a hankali ya dubi talabijin a ƙirjin Direba, ya dawo madubi, ya sake juyawa. Mai kemis da yake kallon madubin shi ma ya ce, "Af, ga shi kuwa a hagu."

"Ban taɓa juyawa ba," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Duk shekarun nan. Hannuna yana kan wani, ina zan juya?"

"A madubi ka haddace shi," in ji Direba.

"Ke nan abin da na gani, na gani."

"Ka gani mana. Kanka ya riƙe abin da aka ba shi, bai zubar da ko kaɗan ba. A juye aka ba shi."

Yaya ya ja baya ya zauna a benci. Ya fara dariya ba sauti, kafaɗunsa suna rawa, ya rufe fuska da ƙyallen aski, kuma daga wani wuri dariyar ta daina zama dariya. Mai kemis yana ta kallonmu da rabin kai a aske, bai san me ake ciki ba, ya ce shi ma ai ya faɗa tun farko hagu ne. Ni na jingina da ƙofa. Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar maganar takalma ya sauka, kuma sai da ya sauka na san girmansa. Daɗi na ji, tsantsar daɗi, har na yafe wa Masu Dakon Ruwa duk shekarun da suka cika mini kunne.

Yaya ya share fuska ya ce, "Ashe bawan Allahn nan Kyaftin ne na gaske. Ni ina ta zaginsa ina ce masa kwafi."

"Ka nemi gafararsa daga baya," in ji Direba. "Hannuna ya gaji, a ina zan ajiye wannan abu?"

Aka gama wa mai kemis. Direba ya zube a kujera ba tare da an ce masa bismillah ba, ya ɗaga haɓa ya nuna dajin da yake wuyansa. Yaya ya tsaya yana kallon aljihun tebur na ɗan lokaci, sannan ya jawo shi ya ɗauko askar. Ya wasa ta a fata, ya kaɗa kumfa, ya shafa. Na ƙura wa hannun ido, ban ɓoye ba. Askar ta sauka bayan kunne, ta lanƙwasa, ta gangaro maƙogwaro, hannun bai yi rawa ko kaɗan ba.

"Amma dai ka san ni na ci musun," in ji Direba ta cikin kumfa.

"Rufe baki, aska tana wuyanka."

"Ina nufin a tarihi, dama ne."

"Mai dafa abincin fa? Wanda ya mutu a na biyu? Shi ma madubi ne ya tashe shi?"

"Tagwaye ne."

"Tagwaye a ina? Wa ya ce maka?"

Na naɗe wayar wutata na koma bakin aiki.

Tun da abin nan ya fara, in Yaya ya rufe shago da yamma nakan bar shi ya yi ɗan nisa, in rufe nawa, in bi shi daga baya har in ga ya shiga layin gidansa, sannan in juya, don gidana can wani gefe yake. Rannan ma ƙafata ta ɗauke ni ban yi shawara da ita ba. Ina tafe ina raɓewa a bayan motocin da aka ajiye, har muka kai mararraba. Sai ya tsaya a gindin fitilar titi, bai waiwayo ba, ya jira har na rasa wurin ɓuya na ƙaraso.

"Takalminki yana ƙara," ya ce. "Tun ranar farko nake jin ki."

Na hau gyara jakata.

"Ban hana ki ba don ni ma ina so," ya ce. "In ranar ta zo da gaske, Auta, ke nake son ki biyo ni. Amma ba yau ba. Je ki gida."

Na ce to. Na juya na kama hanyar gidana, kuma har na kai ban waiwaya ba.